Maganin Tarin Inji

Kwana uku ke nan injin yana tari.
In na ja igiya ya amsa, sai ya yi shiru,
kamar yaron da aka tasa da asuba
ya ce "na ji," ya koma ya ja mayafi.
Shinkafata a fadamar Augie ta fara naɗe ganye,
fangalin gabas ya tsage har yatsana yana shiga.

Na ari babur na nufi Argungu,
rumfar Arzika, bayan tasha,
inda ƙasa ta sha baƙin mai har ta daina ƙura.
"Mi ad damuwa tai?" in ji shi.
Na ce kafireto.
Ya miƙa hannu bai ko waiwaya ba,
ya jera mini kwalabe uku a kan benci.

Ja, mai hoton walƙiya:
"Wagga zafi gare ta, ta kan ci dauɗa,
wani lokaci ta haɗa da robar ciki."
Ruwan ɗorawa, siririyar wuya:
"Wagga sannu take aiki, murfi guda cikin lita huɗu,
sai mai haƙuri."
Ta ukun babu takarda, babu suna,
an toshe bakinta da leda.
"Wagga fa?"
Ya yi dariya. "Arha gare ta."

Wani mai jiran faci ya sa baki:
shi kananzir yake ɗigawa.
Wani ya ce kafur ƙwaya biyu a tanki,
haka kawunsa ke yi, har injin ya mutu.
Bai ji abin da ya faɗa ba.

Na ƙirga abin da ke aljihuna,
kuɗin albasar Tumba ne, ba nawa ba.
Na juya ja, na juya ruwan ɗorawa,
ina duban rubutun da ban iya karantawa
kamar zai ji kunyata ya yi Hausa.
Injin tsoho ne, ya girmi ɗana na fari,
kuma tsoho ba a ba shi magani mai kaifi.
Na ɗauki ta masu haƙuri.

Arzika ya ce, yana ba ni canji:
"In gumi na fetur ya daskare, za ta narka shi.
In yashi na, daga jarkar 'yan bakin hanya,
babu kwalbar da ka narka yashi."

La'asar na auna murfi guda.
Na girgiza tanki, na yi bisimilla, na ja.
Ya tashi. Ya yi hayaƙi. Tiyo ya kumbura,
ruwa ya kai rabin fangali,
sai tarin ya dawo.

Na zauna a kan kunya.
Baba Nomau bai taɓa sayen kwalba ba.
Yakan shimfiɗa hularsa a ƙasa,
ya kwance kusoshi ya zuba a ciki,
ya ɗaga wani ɗan ƙarfe ga rana, ya runtse ido ɗaya.
Sau nawa ya ce in zo in gani?
Ni ina can ina jifan buwa.

Gwangwaninsa na nan a gindin bukka, ya yi tsatsa.
Sifana, tsumma, da silin waya guda
wanda ya zare daga birkin keke.
Na cire hulata.
Hannuna yana rawa, na kwance, na ɗaga ga rana:
rami ƙanƙane, ko idon allura ya fi shi,
kuma babu haske a ciki.

Na soka. Na hura.
Ƙwayar yashi ɗaya ta faɗo a tafina,
ɗaya tak, ita ta riƙe ruwan gona.

Yanzu magariba ta wuce, injin bai yi shiru ba.
Kwaɗi sun dawo bakin fangali.
Kwalbar na aljihuna, da sauran murfi bakwai,
zan riƙa ba shi a kan lokaci.
Kusa ɗaya ta rage a cikin hula,
har yanzu ban gano daga ina ta fito ba.